A Daina Rufe Ƙunar Walda Da Fenti

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani kuka da wata baiwar Allah mai sayar da koko ta kawo mana gidan rediyo a nan Kpandai. Ta tara kuɗin adashinta ta ba wani mai walda ya ƙera mata tankin ruwa na sitenles, wato farin ƙarfen nan da muke ce wa silba, domin an ce mata ba ya tsatsa. Damina ɗaya ba ta wuce ba sai ga jan tsatsa ya bi layin waldar daga sama har ƙasa, ruwa ya fara tsiyaya. Da aka kankare wurin sai aka tarar fentin silba aka shafa aka rufe ƙunar wutar.

Ya kamata mai karatu ya san dalili. Ƙarfen sitenles, wanda Harry Brearley ya samar a garin Shafil na Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Wannan sinadari ne ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tare tsatsa. To idan zafin walda ya bugi ƙarfen, sai gefen ɗinkin ya canza launi, ya yi ruwan ɗorawa, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi, ko ma baƙi. Wutar ta janyo kuromiyam zuwa sama ne, ta bar ƙarfen da ke ƙarƙashi ba mai tsaronsa. Gwargwadon duhun launin, gwargwadon ɓarnar. Da gishiri ko danshi ya zauna a wurin, nan tsatsa ke fara huda rami.

Gyaran kuwa sananne ne. A goge wurin da buroshin sitenles wanda bai taɓa shafar baƙin ƙarfe ba, domin buroshin da aka goge ƙofa ko ƙafar baro da shi zai dasa ɓurɓushin ƙarfe a jikin tankin, shi ma ya zama tsatsa. Idan ƙunar ta yi zurfi, a bi ta da takardar yashi sabuwa har farin ƙarfe ya fito, a wanke da ruwa mai tsabta, a bar shi ya sha iska. Manyan maƙera na shafa wani maganin asid mai kauri da ke cinye ƙunar, amma yana da mugun haɗari, yana ƙona nama har ƙashi, don haka ba a taɓa shi sai da safar hannu ta roba da tabarau, kuma ba aikin da za a miƙa wa yaron shago ba ne. Ruwan batir da ruwan bilic kuwa a nisanta su, ƙara ɓata ƙarfen suke yi.

Na san masu walda za su ce ai laifin masu saye ne, domin su ke taya aiki har ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, araha ba ta ado. Amma malam mai walda, faɗa wa mutum kuɗin gogewa a fili ya fi maka mutunci da ka shafa fenti ka sallame shi. Tankin koko, kaskon suyar garin rogo, tukunyar dafa man kaɗanya da teburin mai tsire duk abinci ke hawa kansu, fentin da ya ɓare kuma cikin mutane zai tafi.

Ku kuma 'yan uwana 'yan kasuwa da ke sari daga Suame Magazine ta Kumasi kuna kaiwa Salaga da Yendi, ko ku haura Bawku har Sinkase ta bakin iyakar Togo, sunanku ne ke tafiya da kayan. Kwastoman da ya tsallako iyaka ya saya, tanki ya huje masa, ba zai nemi mai waldar ba, ku zai riƙe, kuma zai gaya wa goma. Saboda haka ku leƙa cikin tankin da tocila, domin galibi waje ake gogewa a bar ciki da baƙinsa. Ku kankari layin waldar da farce ko tsabar kuɗi ku ga ko fenti ne. Ku tambayi lambar ƙarfen: 304, mai kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ya fi 201 jure gishiri. Kada ku dogara da mayen ƙarfe kaɗai, domin galibi duka biyun ba ya kama su sosai.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin masu walda da sarakunan zango da na kasuwa da su zauna su tsayar da magana ɗaya: ba a biyan cikon kuɗin aikin sitenles sai layin walda ya fito fari tas, ciki da waje. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.