Kada A Bar Auta A Gida

Jama'a, hutu ya gabato, kowane malami ya soma tunanin inda zai sa gaba. Waɗanda ke zaune a Mararaba sun fi kowa bukatar fita shan iska, gama duk wanda ya kwana a garin ya san yadda ake sammako a bi jerin motoci ta Nyanya zuwa Abuja, a komo bayan isha'i a gajiye. Yaran da aka haifa a nan ba abin da suke gani sai gini da hayaƙin mota, alhali ga duwatsu da rafuka nan kusa. Abin da nake so in ja hankalinmu a kai shi ne, in za a fita a fita da iyali duka, har da ɗan yayen da bai wuce shekara biyu ko uku ba.

Na san abin da waɗansu za su ce, wai me ɗan yaye ya sani, ba zai tuna kome ba, ɗaukarsa wahala ce kawai. Gaskiya ne ba zai tuna sunan dutsen da ya gani ba. Amma mu da aka koya wa sanin halin yara mun sani a waɗannan shekaru ne yaro ke tara kalmomi, kuma da ido da hannu yake tara su. Wanda ya taɓa ruwan rafi ya ji sanyinsa, ya ga garken shanu na gangarowa daga tudu, ya sami abin da hoton littafi ba zai ba shi ba. Ban da wannan, in an bar yaro a gida uwarsa aka bari, don ita za ta zauna da shi. Sai a wayi gari maigida da manyan yara sun ga duniya, uwargida kuwa ba ta san abin da ke bayan Masaka ba. Wannan ba adalci ba ne. Ku dubi Fulani makiyaya, da jariransu suke tashi, da su suke sauka a mashekari, ba wanda ya ce goyo ya hana tafiya.

To, ina za a nufa? Daga Mararaba zuwa Keffi bai kai kilomita 50 ba. A can akwai dutsen da ake kira da sunan Kyaftin Moloney, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902, ga darasin tarihi a tsaye. In an wuce zuwa Akwanga sai a hangi duwatsun Eggon. Daga nan hanya ta rabu. Ɗaya ta bi ta Wamba zuwa Farin Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga tsaunin Filato kimanin mita 150, fari fat, sai dai ƙarshen hanyar da ƙafa ake yinsa, saboda haka a tanadi zanen goyo. Ɗayar ta bi ta Hawan Kibo, kusa da mafaɗar ruwa ta Assop, ta hau zuwa Jos, garin da ya ɗara bakin teku da wajen mita 1,200. Can akwai gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1952, da duwatsun Shere waɗanda suka haura mita 1,800.

Amma fa tafiya da ƙaramin yaro tana da sharuɗɗa, wanda ba zai cika su ba gara ya zauna. Na farko, yaro shi ne madugu, da ƙarfinsa ake auna zango. A tashi da sassafe, a riƙa tsayawa bayan kowane sa'a biyu ya miƙe ƙafa ya ci abinci. A baya ake zaunar da shi, a ɗaure cikin kujerar yara, kada a ɗora shi bisa cinya a gaba, don in direba ya taka birki da ƙarfi ba hannun da zai iya riƙe shi. Kada kuma a kulle shi cikin mota a rana ko da na ɗan lokaci, gama zafi na kashe yaro kafin babba ya ankara.

Na biyu, a tuna da darasin labarin ƙasa. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska na raguwa da wajen digiri 6, shi ya sa wanda ya bar Mararaba yana gumi zai kwana Jos yana makyarkyata, musamman a Disamba da Janairu. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar sanyi, don haka a riƙe masa rigar sanyi da hula da safa. A tafi da gidan sauro. Ruwan rafi kome kyaun ganinsa kada a ba shi sai an tafasa. In zawo ya kama shi, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai asibiti.

Na uku shi ne batun makwanci, a nan kuwa ba zan rufe ku ba. Kwana cikin tanti abu ne mai daɗi, kowane tsohon ɗan Sikawut ya sani. Amma a zamanin nan na satar mutane da tashe-tashen hankula, wanda ya kafa tanti a dokar daji da mace da goyo ya yi ganganci. Fataken da ma a zango suke sauka, kusa da gari, da sanin mai gari. Mu ma haka ya kamata mu yi. A tambayi labarin hanya kafin a tashi, a gai da sarkin ƙauye a nemi ɗan jagora, gama baƙo ko da ido makaho ne. A kafa tantin cikin harabar makaranta ko masauki mai shinge, in bai samu ba a yini a dutse a kwana cikin gari. Tafiyar dare kuwa a yafe ta ɗungum.

Saura maganar kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 tafiya ta yi tsada, albashin malami kuma kowa ya san shi. Wanda bai iya kai wa Jos ba ya tsaya Keffi ko Akwanga, ya yi guzurin dambu da ƙuli-ƙuli daga gida, ya je ya komo a yini guda. Wanda ya kai iyalinsa gindin dutse ɗaya bana, baɗi sai ya ƙara gaba, sannu sannu kwana nesa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne za mu tsaya gaban aji muna kwatanta wa yara tsauni da kwari. Kyawunta mu fara gani da idonmu, mu kuma fara nuna wa na gida, babba da yaro. Allah ya kai mu hutu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.