RUFIN ASIRIN DA KE HALAKA YARO



Ya kai ɗan'uwa Musulmi, ka san yadda abin ke faruwa a unguwanninmu. Aure ya mutu, ana jayayya kan wanda zai riƙe yarinya. Ta dawo daga ɗaya gidan tana kuka, tana tsoron komawa, an kuma ga alama a jikinta. Aka kira dattawa zaure. Wani ya ce makircin mata ne, wani ya ce a rufa asirin zuri'a. Aka yi fatiha aka watse, aka mayar da yarinyar gidan da take tsoro. Wannan zalunci ne, ko da an kira shi sulhu.

Masu wannan aiki suna fakewa da hukuncin ƙazafi, suna cewa ina shaidu huɗu? Aya ta 4 a Suratun Nur gaskiya ce: bulala 80 ga wanda ya jefi mai kamun kai da zina ba tare da shaidu ba. Amma an saukar da ita don tsare mutunci daga masu yaɗa magana. Uwar da ta kai ɗiyarta gidan likita, ta faɗa wa hukuma abin da idonta ya gani, ba ta yi tallar sunan kowa a kasuwa ba, kariya ta nema. Ka tuna kuma ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam: yagewar riga ta baya ce ta bayyana mai gaskiya. Ashe duba alama yana da asali a Littafin Allah.

Riƙon yaro a mazhabar Malikiyya yana da sharuɗɗa. Mukhtasar Khalil ya ambaci amana da tsaron wurin zama. Idan uwa ba ta cancanta ba, akwai kaka ta wajen uwa, akwai inna. Me ya hana a ajiye yarinyar wurin amintacce har a gama bincike? Al'adar karɓe yaro da ya kai shekara 7 ba ta fi lafiyarsa ƙarfi ba.

Ka sani kuma, a Nijar hurumin mai gari da sarki sasanta rigimar iyali ne. Fyaɗe babban laifi ne, ba a kashe shi a zaure, na ƴan sanda ne da jandarmomi da kotu. Akwai alƙalin yara da doka ta ɗora wa kare yaron da ke cikin haɗari.

Idan zargi ya taso a gidanka, ka raba yaron da wanda ake zargi tun ranar. Kada a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa kafin likita ya duba. A gaggauta, domin maganin rigakafin sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. A karɓi takardar likita a kai wa hukuma. Kada a taru a kan yaro ana titsiye shi, kada a sa masa magana a baki.

Ke kuma ƴar'uwa, kai kuma ɗan'uwa, da zuciya ke raya wa ƙirƙirar wannan zargi don cin nasara a shari'a, ku ji tsoron Allah. Kun ɓata marar laifi, kun koya wa ɗanku ƙarya, kun sa gobe ba za a yarda da yaron da aka cuta da gaske ba. Binciken da ke kama mai laifi shi ne ke wanke wanda aka yi wa sharri, don haka mai gaskiya ba ya gudunsa.

Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayuwa kan adalci ko a kan kawunanmu da iyaye da dangi. Ranar da za a tambaye ka yarinyar nan, dattawan zaure ba za su amsa maka ba.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu ikon faɗin gaskiya. Wassalamu alaikum.