Na'urar Faifan CD a Mota: A Shawarci Kunne Kafin a Taɓa Aljihu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Amma a wajen sayen na'urar sauti ta mota, kamata ya yi a juya zancen, ji ya kori gani. Sau da yawa mai saye yakan tsaya gaban kanti, fitilu masu walƙiya da manyan lambobin jikin kwali su ɗauke masa hankali, ya manta da cewa kunne ne zai yi amfani da abin. Ra'ayina shi ne, ma'aunin zaɓe na gaskiya guda biyu ne: lafiyar kunnen mai sauraro, da yanayin ƙasar da motar za ta yi aiki a cikinta.

Kamfanonin Philips da Sony ne suka haɗa gwiwa suka ƙirƙiro faifan CD, aka fara sayar da shi a Japan a 1982, sannan kamfanin Pioneer ya fito da na'urarsa ta mota a 1984. A yau yawancin sababbin motoci ba sa zuwa da ita, domin wayar hannu da filashi sun karɓe fagen. Duk da haka, akasarin motocin da ke bisa titunanmu tsofaffi ne, kuma gidaje da dama na da tarin faya-fayan karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙi. Saboda haka tambayar ba ta tsufa ba.

Bari mu fara da yadda na'urar ke aiki. Faɗin faifan santimita 12 ne, an zana sautin a jikinsa cikin 'yan mitsi-mitsin ramuka da ke jere a layi ɗaya mai naɗewa daga tsakiya zuwa baki. Tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye maikuromita 1.6 ce kacal, wato zagaye kusan arba'in za su shige cikin kaurin silin gashi guda. Hasken leza ne ke bin wannan layi, alhali faifan na juyawa sau 200 zuwa 500 a minti ɗaya. To, mai karatu ya auna abin da zai faru idan mota ta faɗa rami. Don haka abu na farko da za a nema shi ne na'ura mai ma'ajiyar da ke karanta sautin daƙiƙoƙi da yawa tun kafin a ji shi, ta yadda ko ido ya goce, karatu ba zai yanke ba.

Sai ƙura da zafi. Ƙurar hunturu kan bi ta bakin da ake zura faifai ta kwanta a kan idon na'urar, har ya kasa karatu. Na'urar da ke da murfi a bakinta ta fi dacewa da mu. Haka kuma motar da aka ajiye a rana lokacin bazara, zafin gabanta kan haura digiri 60. Wannan kan tanƙwara faifai, musamman ya lalata irin wanda ake kwafa a kwamfuta, domin shi a jikin wani rini ake rubuta sautinsa, rinin kuwa ba ya jure rana. Wanda ya sayi rediyon da aka ƙera don kasuwar Japan kuma, ya lura: yawancin tsofaffinsu zangon FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 ya tsaya, alhali tashoshinmu na tsakanin 87.5 da 108.

Yanzu ga muhimmin batu. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su. Tsuntsu yana iya sake tsiro da nasa idan sun mutu. Ɗan Adam ba ya iyawa. Wanda ya mutu ya tafi ke nan.

Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ke nan a desibel 100, minti 15 ne kawai. Cikin motar da ke gudu a babbar hanya, ƙugin inji da taya da iska kaɗai kan kai wajen desibel 70, ya ma wuce haka idan gilasai na buɗe. Direba sai ya yi ta ƙara murya don ya rinjayi wannan hayaniya, kunnensa na sabawa, bai san ya ƙetare iyaka ba. Direban haya da ke wuni tsakanin Kano da Maiduguri ya fi kowa shiga wannan haɗari, ga kuma rashin jin odar motar da ke bayansa ko jiniyar motar asibiti.

Wani zai ce, ai na'ura mai ƙarfi ta fi fitar da sauti garau. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin na'ura mai rauni idan aka matsa mata sai sautinta ya dagule. Amma lambar da ke jikin kwali, alal misali wat 50 sau huɗu, ƙarfi ne na ƙiftawar ido. Wanda na'urar ke iya riƙewa, wanda ake rubutawa RMS, bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba, kuma ya wadatar da cikin mota. Abin da ya fi kawo bambanci shi ne lasifika. Kusan duk na'urorin CD daidai suke karanta faifai. Lasifikar da ta tsage kuwa, ko wace na'ura aka haɗa mata, gwangwani za ta yi ta bugawa. Sauti mai tsabta ana fahimtarsa ba sai an ƙure murya ba, wannan shi ne kariyar kunne.

Shawarata ita ce, mai saye ya tafi da faifan da ya sani sarai, zai fi kyau na magana ko karatu, ya saurara da murya ƙasa-ƙasa. Idan haruffa sun fito rarrabe, na'urar ta ci jarrabawa. Ya zaɓi mai manyan maɓallai da hannu zai lalubo ba tare da ido ya bar titi ba, wadda kuma ke karɓar filashi ko Bluetooth, don ranar da idonta zai gaji. Rabin kuɗin ya tafi ga lasifika da ƙwararren mai haɗa waya.

Bayan an ɗaura, ga ma'auni mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka, to ƙarar ta yi yawa. Idan kuma ka sauka daga mota kunnenka na kuwwa, gargaɗi ne gaɓar nan ta aiko maka. Na'ura idan ta lalace akwai wata a kasuwa, amma har yanzu ba a buɗe kantin da ake sayar da ƙwayoyin ji ba. Rigakafi ya fi magani.