Kada A Zubar Da Ƙyalle

Mu da ke koyar da yara a wajejen Lambara mun san halin hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu yara sukan zo aji suna tari, don sun kwana babu abin rufa kirki. Bargo kuwa ya yi tsada. Amma ga guntayen atamfa zube a gindin keken tela, ana sharewa ana ƙonawa.

Haɗa ƙyalle ba baƙon abu ba ne gare mu. Masaƙanmu sirara suke saƙa, sa'an nan a ɗinke su su zama gwado. A ƙauyen Gee's Bend na Jihar Alabama a Amurka, mata jikokin bayi sun daɗe suna ɗinka mayafai da tsofaffin tufafin gona. A 2002 aka baje aikinsu a gidan kayan tarihi na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunansa a kan sarki.

Ga yadda ake yi. A wanke ƙyallayen tukuna, don wani yakan zuba. A yanke su daidai da awon kwali guda, a haɗa su. A shimfiɗa tsohon zane biyu a ƙarƙashi, a bi duka da zare layi-layi, tazarar yatsa uku.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye mata, ku taru huɗu ko biyar da yamma, yara su sa muku zare a allura. In an fara tun kaka, sanyi ba zai tarar da ɗan kowa a tsirara ba.