RA'AYINMU: Gidan Samfuri Ba Ya Biyan Bashi

A ƙasar Amurka, idan kamfanin gine-gine ya sayi fili zai kafa sabuwar unguwa, abin da yakan fara yi shi ne ya gina gida ɗaya ko biyu a bakin hanya, ya zuba kujeru da gadaje da labule, domin mai son saye ya shiga ya ga irin gidan da za a gina masa. Wannan shi ne gidan samfuri. Babu mai kwana a ciki, babu mai biyan haya, kuma galibi shi ne na ƙarshe da ake sayarwa. Amma da rancen banki aka gina shi, wato da kuɗin masu ajiya.

Wannan ne ya sa hukumomin da ke sa ido kan bankuna a ƙasar ba su ɗauki irin wannan rance da wasa ba. Wajibi ne kowane banki ya miƙa musu rahoto duk bayan wata uku, kuma ba a yarda ya cuɗa rancen gini da rancen wanda ya sayi gida ya tare a ciki ba. Ko a cikin rancen ginin ma, an ware na ƙananan gidaje masu ɗaukar iyali ɗaya zuwa huɗu daga na sauran gine-gine. Akwai kuma wata doka ta 1975 da ta tilasta wa bankuna bayyana rancen sayen gidaje ga jama'a, domin a gane ko ana nuna wa wasu wariya, amma ita ba ta shafi rancen wucin gadi da ake ba magini don ya gina ya sayar ba. Shi kuwa gidan samfuri jemage ne, siffarsa ta gida, aikinsa na shago, don haka ma'aikacin banki yakan tsaya yana tambayar a wane shafi zai rubuta shi.

Ƙananan bankuna sun daɗe suna kukan cewa cike waɗannan takardu na cin lokaci da kuɗi, kuma a 2018 majalisar dokokin ƙasar ta rage musu wani ɓangare na nauyin. Ba mu ce kukansu ba shi da tushe ba. To amma wanda ya tuna abin da ya faru daga 2008 ba zai kira wannan rahoto aikin banza ba.

A watan Disamba na 2006, hukumomin sun gargaɗi bankuna cewa duk wanda rancensa na gini da gyaran filaye ya kai yawan jarinsa baki ɗaya, za a ƙara sa masa ido. Masu bankuna suka yi ca, kuma gargaɗin bai zama haramci ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wata al'ada da suke da ita, ta haɗa wa magini kuɗin ruwa a cikin rancen tun farko. Banki ya riƙa zarar kuɗin daga aljihun dama yana zubawa a na hagu, takarda na nuna ana biyan bashi a kan kari, alhali ko gida ɗaya ba a sayar ba. Da kasuwar gidaje ta faɗi, sai aka wayi gari unguwanni sun zama kufai, daga gidan samfuri sai filayen da ciyawa ta cinye. Tsakanin 2008 da 2012 bankuna 465 suka durƙushe, sama da 80 daga cikinsu a jihar Jojiya kaɗai. Binciken da ofishin bin diddigin kuɗi na majalisar ya fitar a 2013 ya nuna cewa zurfafawa cikin rancen filaye da gine-gine na daga manyan abubuwan da suka kayar da ƙananan bankunan. Shi kansa asusun hukumar FDIC mai inshorar kuɗin masu ajiya sai da ya shiga giɓi a 2009.

Darasin da muka gani a nan biyu ne. Na farko, rahoton da ya bi ƙa'ida a rubuce amma ya ɓoye gaskiyar bashi ya fi rashin rahoto haɗari, domin yana sa mai gadi barci. Na biyu, alƙaluman da suka nuna bankuna sun wuce gona da iri suna gaban hukumomi tun kafin rushewar, abin da aka rasa shi ne ƙarfin halin tsawatawa a lokacin da kowa ke cin riba.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A watan Agusta na 2009, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba Naira biliyan 420 don ceto bankunan, bayan bincike ya bankaɗo tarin basussukan da suka lalace. Can rancen hannun jari da na harkar mai ne suka fi yawa, amma cutar ɗaya ce, wato littafin banki ya saɓa da abin da ke ƙasa.

Saboda haka muke kira ga babban bankin BCEAO da na Najeriya da sauran masu sa ido kan bankunan yankinmu, ganin yadda kamfanonin sayar da rukunin gidaje ke ƙaruwa a biranenmu, su tabbatar ana ware rancen gini daban a cikin rahoto, a bayyana daga ina kuɗin ruwa ke fitowa, gida nawa aka kammala, nawa aka sayar. Su kuma riƙa tura jami'ai su taka filin da ƙafarsu, kada su tsaya ga takarda. Mai saye shi ma ya tambayi takardar mallakar filin kafin fenti da labule su ruɗe shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.