Waiwaye: Yadda gyaɗa ta bar gonakinmu

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Agye, ko Gazawa, ko Gidan Runji kafin yunwar 1973 bai manta kaka irin ta wancan zamani ba. Da an tuge gyaɗa an shanya ta, gari ya ɗauki ƙamshin harawa. Yara na gona suna roro, mata na tsakar gida suna ɓarza suna sheƙewa, magidanta na ɗinke bakin buhu da basilla. Ranar da aka buɗe ciniki sai ka ga jakuna da raƙuma sun jeru tun asuba sun nufi inda aka kafa sikeli. Can za ka tarar da mai awo tsaye, malamin rubutu zaune da littafinsa, manomi kuma ya zuba wa allurar sikeli ido bai ko ƙiftawa, don a kanta lampon gidansa yake, da zanen matarsa, da sadakin ɗansa. In an ƙirga masa kuɗi sai ya koma gefe ya sake ƙirgawa da kansa, ya ƙulle a lalita, sannan ya shiga kasuwa. Aure da suna da gyaran ɗaki duk sai a ce a bari sai an sayar da gyaɗa.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne hirar da ta cika fada-fadarmu a watan Afrilun 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya ɗora kuɗin fito kan kayan kusan kowace ƙasa ta duniya. Nijar an sa mata kashi 10 cikin ɗari, Najeriya 14, na ƙasar Sin kuwa ya yi ta hawa har ya kai 145, ita ma ta rama da 125. Samarinmu na bin labarin a waya tamkar suna kallon kokawar takobi, wasu na bayan wannan, wasu na bayan wancan, ana shewa in ɗaya ya kai ɗaya ƙasa. Dattawa kuma galibi cewa suke ina ruwanmu, mu da ba mu sayar wa Amurka komai. Akwai gaskiya a maganarsu. An cire Nijar daga tsarin AGOA, na sassaucin kuɗin fiton Amurka ga kayan Afirka, tun farkon 2024, kuma ban ji wanda ya rasa abincin dare saboda haka a kasuwar Cadawa ba. Sai dai mun taɓa cewa ina ruwanmu a baya, ruwan kuwa ya iso mu har cikin gida.

Gyaɗar nan ba kawai don sha'awa muka rungume ta ba. Nasara ya ce lampo da kuɗi za a biya, kuɗi kuwa ba inda ake samunsu sai wurin kamfanoninsa, irin su CFAO da SCOA, su kuma gyaɗa suke so don masana'antun mai na Faransa. Da fari ta Kano take bi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga baya aka buɗe mata hanyar Kwatano. A kan wannan ciniki Maraɗi ta tashi daga ƙaramin gari ta zama birnin kasuwa, kuma da yawa daga alhazan da muke ambato da girma a matsayin masu sayen gyaɗa wa kamfani suka fara. Bayan samun ƴanci gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962, ta karɓe cinikin. A shekarun nan fiye da rabin abin da Nijar ke samu daga sayar da kaya waje daga gyaɗa yake fitowa, kuma yawancinta daga gonakin Maraɗi da Damagaram.

Ga abin da muka manta, ko kuma ba a taɓa gaya mana sosai ba. Faransa tana sayen gyaɗarmu a farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, kuma ta killace mata kasuwarta. Ba sadaka ba ce, don mu ma daga wurinta muke sayen yadi da sukari da tsada, amma wannan ƙarin shi ke riƙe da farashin da ake kira a bakin sikeli. To a 1962, a birnin Janeba, ƙasashe shida na Kasuwar Tarayyar Turai suka yi yarjejeniya da Amurka cewa waken soya zai riƙa shiga ƙasashensu ba tare da kuɗin fito ba. A 1963 aka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde, wadda ta ce sannu a hankali kayan tsoffin ƙasashen renon Faransa su koma farashin duniya, a ba gwamnatoci ɗan tallafi na ƴan shekaru. Zuwa 1967 farashin gata ya ƙare. Gyaɗar Sae Sabuwa da ta Gangara, wadda aka nome da hauya, ta shiga kasuwa ɗaya da waken da aka nome da tarakta a gonar da ido bai ganin iyakarta.

Ba wanda ya zo ƙofar fadar Tsibiri ya yi wa talakawa shelar wannan. Abin da manomi ya gani kawai shi ne kuɗin kilo ya ragu, lampo kuwa bai ragu ba. Sai ya zargi mai awo, ya zargi ɗan kamasho, ya zargi SONARA, kuma ba a rasa masu laifi a cikinsu ba. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Don a cike giɓin, aka ƙara faɗin gonar gyaɗa, aka rage ta hatsi, aka daina barin saura ta huta, aka sare itatuwa don garma ta wuce. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970 ya tarar da rumbuna ba nauyi, ƙasa kuma ta gaji. A 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa abin da ya rage, ganye ya murɗe, tushe ya tsugune bai yi ƴaƴa ba. Daga nan gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta ba, hankalin gwamnati kuma ya riga ya koma kan yuraniyom na Arlit. Yau in ka tambayi yaro me ya kashe gyaɗa, zai ce maka fari. Fari ya yi nasa, ba musu, amma ya tarar da ita tana jinya tun shekaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a rikicin 2025 shi ne waken soyan nan ne ya sake fitowa. Sin, wadda ita ce babbar mai sayensa a duniya, ta juya wa na Amurka baya wata da watanni, ta koma wa Barazil. Manoman jihohin Ayowa da Ilinoi suka yi ta kuka a rediyo, amfani ya cika musu rumbu ba mai saye. Na ji tausayinsu da gaske, don mun san wannan ciwon, mun san yadda mutum ke tsayawa gaban abin da ya sha rana ya noma yana jin an raina guminsa. Bambancin kawai, lokacin da irin wannan ta same su a 2018 da 2019 gwamnatinsu ta raba musu biliyoyin daloli. Iyayenmu kuwa akuyar gida suka sayar, suka tafi ci rani.

Ko da yake ma kuɗin fiton da ya fi cizonmu ba daga hayin teku yake zuwa ba, daga Ɗan Isa da Jibiya yake. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta kuma canza takardun naira, aka yi rashin sa'a damina ta ƙi a shekarar. Hatsin da ya saba shigowa daga Katsina da Kano ya tsaya, dabbobinmu suka rasa mai saye, kuma har gobe tsofaffi El-Buhari suke kiran wannan yunwar. Sai a 1986 aka buɗe. A Janairun 1994 aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta, hukuncin da aka yanke a Dakar. A Agustan 2019 aka sake rufe iyaka saboda shinkafar waje, motocin wake da na dabbobi suka yi layi, ɗakunan ajiya na Maraɗi suka yi shiru, kuma ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, aka yanke wuta, aka tare hanya har cikin 2024. Kowane karo masu hukunci suna da hujjarsu, wani lokaci ma hujja mai kyau. Amma mutanen da ke tsakanin Gazawa da Katsina, ko Gidan Runji da Sabon Birni, dangi ne, kaka ɗaya, kasuwa ɗaya, makabarta ɗaya. In an rufe babbar hanya sai a bi ta daji da babur cikin dare, kaya su ƙara tsada, kuɗin kuma su shiga aljihun da ba na gwamnati ba ne, ba na manomi ba.

Ba kullum muke shiru ba, wannan ma ya kamata a tuna. A 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan madara da garin alkama da sukari da ruwa da wuta, jama'a suka fito a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, aka rufe kasuwanni da kantuna, har gwamnati ta janye mafi yawansa. Abin da ya sa aka yi nasara a wancan karo shi ne kowa ya gane layin da ya haɗa takardar da aka sa wa hannu da tukunyar gidansa. Na 1967 kuwa ba wanda ya nuna mana layin.

Yau ma layin yana nan, sai dai a bi shi da natsuwa. Da manyan ƙasashe suka fara ja-in-ja a Afrilun 2025, farashin ɗanyen mai ya faɗi zuwa inda bai taɓa sauka ba cikin shekara huɗu. Najeriya da mai take samun dala, ƙarfin naira kuma shi ke yanke wa mai rago a kasuwar Gazawa ko zai koma gida da fara'a, tunda masu sayen nasa daga kudu suke zuwa. Babur da wayar hannu da faifan sola da atamfa mai araha, galibi daga Sin suke. Takin zamani kuwa mun ga yadda ya yi tashin gwauron zabi a 2022 saboda yaƙin da ake yi a Yukren, ƙasar da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba kafin nan.

Me ya tsamo mu bayan gyaɗa? Ba kamfani ba ne. Iyayenmu mata ne suka riƙe ɗan abin da ya rage, suna soyawa, suna niƙawa, suna matse tunkuza da hannu har mai ya tsatso, su cika kwalba, su toya ƙuli-ƙuli yara su kai talla. Da wannan aka biya kuɗin magani da na makaranta a gidaje da yawa. Maza kuma suka koma wa gero da dawa, suka cusa wake a tsakani, suka ƙara riɗi da yakuwa a gefe. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga na ƙasar Agye aka daina tumɓuke kututture, aka bar gawo da kalgo da sabara suka sake tsirowa a cikin gona, har mutane daga wasu ƙasashe ke zuwa kallo. Gonar da ke da abu biyar a cikinta, in kasuwar ɗaya ta mutu huɗu na nan.

Sannan ga aya, wadda ta zama abin alfaharin Agye da Cadawa da Gazawa. Wanda bai ga aikinta ba ba zai san darajarta ba. Bayan ganye ya bushe a ƙone shi, a kafce ƙasa, sannan a zauna cikin rana ana rairaya da rariya, ƙura ta rufe mutum tun daga gira har ƙafa, sai idanu kawai ake gani. Buhunan na tafiya Najeriya, wasu har Sifaniya, inda mutanen Balansiya ke yin wani farin abin sha da ita. Riɗi kuma Sin ce babbar kasuwarsa, ta kuma cire kuɗin fito kan kayan ƙasashe matalauta irin tamu tun Disamban 2024. Ina murna da kuɗin da ke shigowa, na ga gidajen da suka yi rufin kwano da shi. Amma gabana na faɗuwa in na ga saurayi ya ba da gonarsa duka ga aya ko riɗi, ya ci bashin taki a kai, yana cewa zai sayi hatsi da ribar. Aya tana cin ƙasa, mai saye kuma yana nesa, kuma wanda ya cire kuɗin fito da alƙalami yana iya mayar da shi da alƙalamin nan. Haka kakansa ya lissafa a 1965, kuma lissafin daidai yake a ranar da ya yi shi.

Har yanzu ɗanye muke sayarwa, a kaka, lokacin da kowa ke sayarwa. Man da ke cikin miyar yawancin gidajenmu a jarka yake zuwa daga gonakin kwakwar Malesiya da Indunusiya, a yankin da ya taɓa ciyar da masana'antun Faransa da gyaɗa. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aikin da aka ƙaddamar a 2021, kuma ina fatan ranar da zai fara aiki ya tarar da man gyaɗa da garin aya da riɗi wankakke a buhu mai sunan garuruwanmu.

A wasu ƙauyukanmu ƙungiyoyin manoma sun riga sun kama wata hanya da nake so ta yaɗu. A kaka kowa ya kawo buhunansa na wake ko aya ko gero ɗakin ajiya ɗaya, a rubuta sunansa a jiki, a sa wa ƙofa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Da rancen mutum zai yi kiwo ko lambu ko ƙaramin ciniki a rani. In bazara ta yi, kaya sun yi daraja, sai a taru a buɗe, ya biya bashinsa, ya zaɓi abin da zai sayar da abin da zai kai gida a ci, da wanda zai ajiye na iri.