Auren Magunguna Aikin Masana Ne

Duk mai garka ya san auren mangwaro. Ana yanko reshen mai zaƙi a ɗaura shi bisa tushen mai jure ƙishirwa, su zama itace guda mai halin biyu. To, masanan haɗa magani ma suna yin irin wannan aure a ɗakin bincike. Sukan ɗauki sinadarin wani tsiro su ƙulla shi da na wani, ya zama sinadari guda mai kai wa cuta hari ta hanya biyu.

Ga misali daga masassarar cizon sauro. Kinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu yake, wasu Faransawa biyu suka tace shi a 1820. Artemisinin kuwa daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin ya fito. Malama Tu Youyou da abokan aikinta suka tace shi a 1972, ta samu kyautar Nobel a 2015. A 2007 masu bincike a birnin Dublin na ƙasar Ayalan suka aurar da waɗannan biyu. A gwajin ɗakin bincike, sabon sinadarin ya fi kowannensu kashe ƙwayar cutar, ya ma fi su in an gauraya su kawai. Amma har yau bai shiga farmasi ba, don sai an tabbatar ba ya yi wa jikin mutum lahani.

Me ya sa ake wannan wahala? Ƙwayar cuta tana sabawa da magani in shi kaɗai ne. Haka Nivaquine ta rasa ƙarfinta a ƙasarmu. Shi ya sa tun 2001 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar magani mai haɗi biyu, irin su Coartem. Ɗaya yana kashe cutar da sauri amma yana barin jini cikin awoyi, ɗayan yana daɗewa ya share saura. To ga shi a 2020 an gano a Ruwanda cutar ta fara jure wa artemisinin.

A ganinmu, in masana suna shekaru kafin su yarda da haɗin sinadari biyu, bai kamata mai tallar ƙwayoyi a kasuwa ya haɗa wa yaro kala huɗu a leda ba. Bai kuma dace a sha rabin maganin likita a cike da jiƙo ba. Wannan ba aure ba ne, koya wa cuta juriya ne, kuma dukan gari zai biya.

'Yan uwa, in jikin yaro ya yi zafi a damana, a kai shi gidan likita a gwada jininsa. In an ba da magani na kwana 3, a shanye shi duka, ko da yaro ya tashi yana wasa tun rana ta biyu.